Corolla ta haura mil dubu ɗari biyu tana zuƙar mai: a sauke inji, ko akwai abin da za a fara dubawa?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. Ina neman shawararku a kan motata, Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik, wadda na saya 'yar Kwatano shekara bakwai da suka wuce, kuma yanzu agogonta yana nuna 214,000. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 na fara lura da abin da a da ban damu da shi ba, wato yadda allurar mai take sauka kamar ana jan ta da zare. Zirga-zirgata ba ta wuce daga gida a Rijiyar Zaki zuwa wurin aiki a cikin gari, da kai yara makaranta, sai zuwa Zariya gaida mahaifiya sau ɗaya a wata. Ban da shan mai, ƙarfinta ya ragu, domin idan na taka totur zan wuce babbar mota sai ta yi jim kamar mai shawara kafin ta amsa, sannan tana rage baƙin mai tsakanin juye da juye. Bakanikena ya ce injin ya gaji, ko dai a sauke shi a sa ringi, ko a nemo wani a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, kuma kuɗin da ya ambata ya tasam ma albashina na wata uku. Kafin in ci bashi, ina so in ji daga bakin waɗanda suka san harkar.

Injiniyan Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, ina roƙon ka auna abin da motar take sha, saboda allurar mai ba ma'auni ba ce, kuma tsadar lita tana sa kowa ya ga kamar motarsa ta ƙara haɗama alhali farashi ne ya tashi. Ka je gidan man da ka yarda da shi, a cika tanki har famfon ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramin agogon tafiya sifiri, ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba. Idan man ya yi ƙasa, ka koma famfon nan dai a sake cikawa, sai ka raba nisan da ka yi da yawan litar da ta shiga. A ƙididdigar hukumomin Amurka, wannan motar tana sabuwa takan yi kusan kilomita 11 da lita ɗaya a cikin gari, da kusan 15 a babbar hanya. Ba za mu sa ran haka daga tsohuwa mai fama da cunkoson Kano da zafi da iyakwandishan ba, amma aƙalla za mu san nisan da ke tsakaninta da lafiya.

Tsohon Bakanike:
Shawarar Injiniya ta yi daidai, kuma ina ƙara da cewa ba a yanke wa inji hukunci da kunne kaɗai. Na fara wannan sana'a a Kaduna tun ana harhaɗa Fijo 504 a garin, kuma na ga injuna da yawa da aka sauke ba su da laifin komai. Akwai geji da ake ɗaurawa a ramin filogi a auna matsin kowace silinda. Idan huɗun suka zo kusa da juna, injin nan yana da sauran rai, ko da yana ɗan lasar baƙin mai. Ɗana, ka tambayi bakanikenka ko ya yi wannan awon. Idan bai yi ba, to hasashe ya gaya maka, kuma ba a cin bashin wata uku a kan hasashe.

Abban Khadija:
Na gode, Baba, na gode Injiniya. Bai yi awon ba, hannu kawai ya tara a bakin salansa, ya shinshina, ya girgiza kai. Na cika tanki yau da yamma, zan dawo da sakamako in Allah ya yarda.

Abban Khadija:
Jama'a, bayan kwana tara ga abin da na samu, kuma gaskiya hankalina ya tashi. Agogon ya nuna 185, litar da ta shiga kuwa 40 ce cif. Da na raba sai na ga bai kai biyar da lita ɗaya ba. Anya wannan ba shan tifa ba ne?

Maman Walid:
Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna, domin ina zaton ka faɗa ramin da na taɓa faɗawa da tawa Camry ɗin. Motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba da kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Saboda haka 185 ɗinka kilomita 296 ne, idan ka raba da 40 kuwa za ka samu 7.4. Har yanzu shan ya yi yawa, amma bai kai na tifa ba. Sai dai lissafin yana da ɗaya fuskar da ba za ta yi maka daɗi ba, wato 214,000 ɗin da ke kan agogonka ya haura kilomita dubu ɗari uku da arba'in, in ma ba a taɓa mayar da shi baya ba kafin ta iso hannunka.

Injiniyan Zariya:
Hajiya ta riga ni. To, Malam, 7.4 a cikin gari yana nuna akwai man da ke tafiya a banza, kuma a ganina ba ringi ne farkon wanda ake tuhuma ba. Ina da tambayoyi uku. Idan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, shin wutar cek, mai siffar ɗan inji ruwan ɗorawa, tana kamawa tare da sauran fitilun? Fankar lagireto tana tashi ne da zarar ka kunna mota, ko sai injin ya yi zafi? Sannan a ina allurar zafi take tsayawa idan kana kan hanyar Zariya da sassafe?

Abban Khadija:
Na fita yanzu na duba. Fitilar batir da ta baƙin mai da ta burki duk sun kama, amma ban ga wata mai siffar inji ba, kuma in faɗi gaskiya tun da na sayi motar ban taɓa ganin ta ba, har ina yi wa abokai alfahari da hakan. Fanka kuwa tana tashi tare da makulli, ba ta tsayawa sai na kashe mota. Wani mai rewaya ne ya haɗa mini ita haka a shekarar farko, ranar da aka cire tamostat, wai don kada ta ɗauki zafi. Allurar zafi a kan hanya ba ta cika ɗagawa daga ƙasa ba, sai na shiga cunkoso take hawa kusa da tsakiya.

Injiniyan Zariya:
To, ga ɓarawon nan mun fara ganin sawunsa. Injin wannan mota, wanda ake kira 1ZZ-FE mai lita 1.8, an tsara shi ya yi aiki da zafin da ya haura digiri 80, kuma tamostat ɗinsa yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi da wuri, sannan ya riƙa sakin sa zuwa lagireto gwargwadon buƙata. Birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana karanta zafin ruwan ta wata sensa, kuma muddin ya ga injin da sanyi, yana ƙara yawan man da nozul ke fesawa, kamar yadda ake jan cok a tsohon babur da asuba. Bambancin kawai shi ne mai babur yakan mayar da cok bayan minti biyu, kai kuwa taka motar ta shekara shida cok ɗinta yana ɗan jaye, musamman a tafiyar safe zuwa makaranta da lokacin hunturu.

Ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana gangarawa ya tsinka na cikin inji, yana kuma tara baƙin toka a kan filogi da sensar da ke bakin salansa. Ita ma fankar da ke juyawa ba hutu tana ɗora wa altaneta nauyi, altaneta kuma daga inji yake karɓar ƙarfi. Wutar cek ɗin da ba ka taɓa gani ba kuwa, ina kyautata zaton an kashe ta ne kafin a sayar maka, don haka duk ƙorafin da motar ke yi shekara da shekaru babu mai jin sa.

Tsohon Bakanike:
A nan zan ɗan ja da kai, Injiniya, ba don bayaninka ba daidai ba ne, sai don ka faɗi rabi ka bar rabi. Mu da muka riƙa cire tamostat ba jahilci ne ya sa mu ba. Motar da ake zuba wa ruwan rijiya ko na burtsatse kullum, cikin shekara biyu za ka tarar lagiretonta ya toshe da tsatsa da farin gishiri, shi kansa tamostat ɗin ya ci tsatsa ya maƙale a rufe. Ranar da ya maƙale a watan Afrilu, rana tana dukan kwalta, mai mota yana tsakiyar daji tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, kafin ya ankara gasket ya ƙone, wani lokacin har kan silinda ya lanƙwashe. Na sha ganin magidanci yana hawaye a gareji saboda wannan. Idan aka ɗora ƙarin lita biyu a mako a kan sikeli ɗaya, aka ɗora kuɗin kan silinda a ɗayan, a lokacin da lita ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, kowa ya san wanda zai zaɓa.

Injiniyan Zariya:
Ranka ya daɗe, na karɓi wannan gyaran, kuma ban faɗi magana don in rage darajar magabata ba. Abin da nake cewa shi ne sikelin ya sauya. Fijo 504 kafireto gare ta, ba ta da birenbos da zai ƙara mai don ya ji sanyi, sannan man ma a lokacin ba a jin zafin sayen sa. Yanzu kuwa lita ta taɓa haura naira dubu, kuma cutar da kuka ambata tana da magani tun daga tushe. A wanke lagireto, ko a sauya shi idan ya toshe, a sa murfi sabo mai riƙe matsi, a daina zuba ruwan rijiya, a koma ruwan kulan na gaskiya wanda ke hana tsatsa, wanda kuma tare da matsin murfin ba ya tafasa sai ya wuce digiri 120. Idan an yi haka aka sa tamostat na asali, aka mayar da fanka kan rilenta, motar za ta riƙe zafinta a wuri ɗaya ko a Maiduguri take.

Tsohon Bakanike:
Kalmar da na riƙe a maganarka ita ce "na asali". Ka nemo masa shi tukuna. Kasuwa cike take da kwali mai kyau da kaya marar kyau, kuma tamostat na jabu ya fi rashinsa haɗari. Ɗana Abban Khadija, idan ka sayo, kada a ɗaura sai ka gwada shi a gida. Ka ɗaura masa zare ka saka a tukunyar ruwa a kan wuta, kana kallo. Kafin ruwan ya kai ga tafasa za ka ga bakinsa ya fara buɗewa a hankali, idan ka tsamo shi ya huce kuma ya koma ya rufe ruf. Wanda ruwa ya tafasa yana nan a rufe, ka mayar wa mai shi.

Direban Sharon:
Ni direban haya ne, Kano zuwa Kaduna nake yi kusan kullum, kuma ina so in ce wani abu a kan tuƙi, domin rabin shan mai a ƙafar direba yake. Na gwada da kaina sau da yawa, ranar da na tsaya a kan 90 zuwa 100 man da nake saura da shi a Kawo ya fi na ranar da na riƙa taka 130 nesa ba kusa ba, alhali bambancin isowa bai taka kara ya karya ba idan aka haɗa da shingaye da wuraren da ake aikin hanya. Dabara ta biyu da muka gada daga iyayen gidanmu ita ce sakin firi a gangara, a bar mota ta tafi da nauyinta. Malam ya jarraba wannan ma.

Injiniyan Zariya:
Maganarka ta farko gaskiya ce, Oga, kuma dalilinta iska ce, domin turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Amma sakin firi ina roƙon a bar shi. A zamanin kafireto yana da ɗan amfani, amma a motar nozul, idan ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya tana gangarawa, birenbos yakan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Da ka sa firi kuwa, dole ya ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ka ga wanda ya saki firi ya sha mai, ya kuma rasa riƙon da inji ke yi wa mota, ya bar wa burki dukan aikin da mutum bakwai da kaya a baya. A giyar otomatik irin ta Malam ma abin ya fi muni, saboda mayar da ita giya a guje yana wahalar da giyabos.

Direban Sharon:
Ban taɓa jin haka ba, kuma ba zan ce na gamsu nan take ba, tun da abin da mutum ya shekara ashirin yana yi ba ya fita da saƙo ɗaya. Zan gwada mako guda ba firi, in auna yadda aka koya wa Malam, sai mu ga wanda lissafi zai bai wa gaskiya.

Maman Walid:
Tun da an zo kan ɗabi'u, akwai ɗumama mota da safe. Maigidana yakan kunna ta ya koma ciki ya karya kumallo, ya fito bayan kusan minti ashirin, yana cewa hakan ne ke sa inji ya daɗe. Na riƙa gaya masa cewa motar da ke tsaye tana aiki kilomita sifiri take yi da kowace lita, amma sai da wani masani ya faɗa masa a gabana cewa minti ɗaya ya isa, a tashi a hankali har ta yi ɗumi, sannan ya yarda. Haka kuma but ɗin motar ya zama rumbu, akwai tsohon batir da buhun gawayi da jarkoki biyu na ruwa da suka yi wata uku suna yawo da mu.

Shugaban Zaure:
Muna godiya da gudummawar kowa. Ina tunatar da mu cewa mai tambaya ya ambaci raguwar baƙin mai, kuma har yanzu ba a taɓa wannan ɓangaren ba.

Tsohon Bakanike:
To, bari in taɓa, ko da na san Injiniya zai sake ja da ni. Injin da ya yi wannan nisan ya saki jiki, ratar da ke tsakanin ƙarafansa ta buɗe, don haka mai kauri yake so. Ni 20W-50 nake zuba wa irinsu, hayaƙi ya ragu, ƙara ta kwanta, mai mota ya samu barci. Wannan mai ruwa-ruwan da ake rubutawa a murfi an yi shi ne domin ƙasashen ƙanƙara.

Injiniyan Zariya:
Baba ya san ɗansa. A murfin injin Malam an rubuta 5W-30, kuma lambar farko mai harafin W ce kaɗai ke magana a kan sanyi, ta biyun tana nuna kaurin man ne a digiri 100, zafin da injin Kano da na Kanada duk suke aiki kusa da shi idan tamostat yana nan. Wannan injin yana da VVT-i, tsarin da ke amfani da matsin baƙin mai ta wasu ƙananan hanyoyi yana sauya lokacin buɗewar bawul, kuma mai kauri yana isa can a makare, musamman a tashin farko da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Sannan juya mai kauri aiki ne, fetur ake ƙonawa a yi shi.

Sanannen abu ne cewa injunan 1ZZ-FE na shekarun farko suna da lasar baƙin mai, saboda ƙananan ramukan jikin fistan da mai ke komawa ta cikinsu sukan toshe da dauɗa, ringin mai ya maƙale. Mai kauri yana ɓoye alamar ne, ba ya buɗe ramin. Duk da haka ba zan ce a yi tsalle daga 20W-50 zuwa 5W-30 rana ɗaya a injin da ƙila ya shekara bakwai a kan mai kauri ba tare da sa ido ba. Matsakaici irin 5W-40 ko 10W-40 hanya ce mai kyau, a riƙa zaro sandar awo kowane mako a wuri mai daidai kafin a tayar da mota. Kafin a zargi ringi kuma, a sauya ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin inji, wanda ake kira PCV, a duba gasket ɗin murfin ko yana tsiyaya cikin ramukan filogi. Duka biyun kuɗinsu bai kai na cikon tanki ɗaya ba.

Maman Walid:
Ni abin da ya fi damuna ba lambar ba ce, ingancin abin da ke cikin galan ɗin ne. An taɓa yi mini juye a wani wuri a bakin titi, galan sabo fil da hatiminsa, amma bayan mako uku man ya koma baƙi ƙirin yana warin ƙuna, injin yana ƙara kamar keken ɗinki. Tun daga ranar nake saye da kaina a wurin babban dila, in tsaya a buɗe a gabana, a sauya matatar mai tare da shi, in kuma huda galan ɗin kafin in bar shi, don kada a sake cika shi a sayar wa wani.

Abban Khadija:
Na kai motar wurin mai na'urar da ke karanta matsalolin inji jiya, kuma abin da na gani da idona ya isa a ba da labari. Da aka kwance allon agogo, sai ga ɗan baƙin salatif an naɗe shi an cusa a ramin wutar cek, ya bushe har ya manne. Da aka zare shi aka kunna mota, wutar ta haska tangaran kamar mai jiran a ba ta dama. Na'ura ta fitar da lambobi uku, P0128 da P0171 da P0420. Matatar iska kuwa da aka ɗaga ta a rana, sai ga haske yana ratsowa ta wasu yagewa biyu a tsakiya, ga alama iskar kwamfuresa da ake hura mata a kowane sabis ce ta fasa ta. Filogi huɗun iri uku ne daban-daban. An yi awon matsin da Baba ya ce, silinda huɗun sun zo kusa da juna, ta uku ce kawai ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Mai faci kuma ashe iska 48 yake ba tayoyina, alhali takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ta nuna 30.

Injiniyan Zariya:
Alhamdu lillahi, injin ya kuɓuta daga wuƙa. Lambar farko ita ce shaidar tamostat, tana cewa ruwa ba ya kai zafin da ya kamata. Ta biyu tana cewa iska ta fi mai yawa a lissafin birenbos, shi ya sa yake ƙara mai don ya cike giɓin. A wannan motar abu biyu ne suka fi jawo ta, ƙura a kan sensar iska da ke bayan matata, ko gasket ɗin manifol ɗin iska da ya taurare yana shan iska ta gefe. Da yagaggiyar matata a ƙurar hunturun Kano, sensar nake fara zargi. A wanke ta da feshin da aka yi dominta kaɗai, kada a kusance ta da fetur ko buroshi, domin wayar cikinta ta fi gashi laushi. Filogi a nemi Denso SK16R11 ko makamancinsa na NGK, huɗu iri ɗaya.

Lamba ta uku ta indomi ce, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ko dai ta gaji ko an fasa an kwashe ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mutane suna ɗora mata laifin shan mai fiye da kima. Sensar da ke gabanta ce ke daidaita mai, ta bayan aikinta sa ido ne. Indomin da ta toshe ita ce ke kashe ƙarfin mota, don haka a duba, idan ba a toshe take ba a bar ta zuwa lokacin da aljihu ya sarara. Tayoyi a sauke su zuwa abin da takardar ƙofa ta ce, a auna da safe kafin su yi zafi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuma iska 48 tana cinye tsakiyar taya, tana kashe shokoba, tana rage kamun burki.

Tsohon Bakanike:
Saura man giya, kuma a nan ina jin ni da Injiniya ba za mu saɓa ba. Idan ba a san ranar da aka taɓa sauya shi ba, kada a yarda a sa inji a wanke giyabos da ƙarfi, gyaran gangar Auzinawa ke nan. A kwance noti a zubar da wanda ya fito, a mayar da daidai adadinsa da irin wanda aka rubuta a jikin sandar awonsa, T-IV, bayan wata biyu a maimaita. Sannan bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi burkinsa yana kamawa, kuma motar da ke jan burki tana tafiya ba ta da bambanci da jakin da aka ɗaure wa dutse.

Abban Khadija:
'Yan uwa, ga ni bayan mako biyar. Tamostat na farko da na sayo ya faɗi jarrabawar tukunya a gaban uwargida da yara, na mayar, na biyun ya buɗe yadda Baba ya kwatanta. An wanke lagireto, an zuba kulan, an mayar da fanka kan rile, an sauya matatar iska da filogi da PCV, an wanke sensa, an yi juye da 10W-40, an kuma saki burkin gaba na dama da aka samu yana kamawa. Duk abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka yanka mini na inji ba. Awon wannan karon mil 240 ne, wato kilomita 384, da lita 39, kusan 9.8 ke nan, kuma jinkirin totur ya tafi. Kwanakin farko gabana ya riƙa faɗuwa duk lokacin da na ga allurar zafi a tsakiya, har na tsaya sau biyu na buɗe bonet, sai na ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. P0420 ta dawo, don haka wutar cek tana kunne, kuma baƙin man ya ɗan sauka daga layin sama bayan kilomita dubu.

Direban Sharon:
Madalla, Malam. Ni ma na yi makon da na yi alkawari, sai dai sakamakon bai raba gardama ba, saboda kwana biyu na ɗauko buhunan masara a saman mota. Zan sake gwadawa idan kaya suka yi sauƙi.

Tsohon Bakanike:
Na taya ka murna, ɗana, amma yanzu sanyi ake yi, kowace mota waliyyiya ce a watan Janairu. Ka riƙa leƙa robar kulan kowace Juma'a da safe, kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ka kuma ajiye lita ɗaya ta baƙin mai a but kana rubuta duk abin da ka ƙara. Idan Afrilu ta zo, ka shiga cunkoson Kantin Kwari da azahar, iyakwandishan a kunne, ka ɗauko mana hoton allurar zafin ka turo nan, ni da Injiniya muna jira.